Aron Maƙogwaro

Shekara ashirin da shida ina wanke kofuna a gidan giyar inabi na Pascutti, kuma a cikin duk mazan da suka shiga ɗakin ɗanɗano suka fita, Telmo Baigorria ne kaɗai ban taɓa zaginsa a zuci ba. A fili kam na zage shi ba adadi, shi ma bai raga mini ba. Yana ce mini uwar surutu, ina ce masa tsohon bunsuru, saboda ɗan tsirarun gemun nan da ya ƙi askewa tun yana saurayi.

Aikinsa ɗanɗano. Babu gangar da za a ɗura a kwalba sai ta bi ta bakinsa. Ƙarfe goma na safe yake shigowa, bai sha kofi ba, bai sha shayinmu na mate ba, kuma idan na wanke hannuna da sabulu mai ƙanshi sai mun yi faɗa. Zai ɗaga kofin gilashi ya duba a hasken taga, ya kaɗa, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya ja iska ta tsakanin haƙora da wata ƙara mai ban haushi, sannan ya furzar a bokiti. Haka ake yi a duk yankinmu na Mendoza. Mai ganga arba'in a gabansa idan ya ce zai riƙa haɗiyewa, kafin ya kai ta goma sha biyu ya fara gaida bango.

Amma ni ce mai zubar da bokitai, saboda haka na san abin da ba a faɗa. Kowa yana ha'inci. Marigayi Don Aldo, mai gidan, bokitinsa da ƙyar gindin yake jiƙewa. Na Telmo kuwa cike yake, har da ƙari, domin bayan ya furzar sai ya kurkure baki da ruwa sau biyu, wannan ma ya furzar.

Dalilin ya kai shekara goma sha tara. A da Telmo mashayi ne, irin wanda ba ya ihu ba ya duka, sai dai ya ɓace. Ranar da 'yarsu za ta karɓi jibin Ubangiji karo na farko, matarsa Zulema ta aike shi da safe ya karɓo fararen takalman yarinyar a wurin mai gyara. Aka jira shi har aka gaji, yarinya ta shiga coci da takalmin makaranta. Da rana tsaka ni na same shi a busasshen lambatu bayan cocin, yana barci, ya yi matashi da takalman. Zulema ta ɗauki 'yarta ta tafi San Juan wurin yayanta, wata takwas. Da ta dawo, a gabana ta ce masa, "Na san aikinka, ba zan ce ka bari ba. Amma na san warin wadda ta tsaya a baki, na san na wadda ta sauka ciki. Ka kiyaye."

Tun daga ranar ko ɗigo bai wuce masa maƙogwaro ba. Mu huɗu muka sani: shi, Zulema, Don Aldo da ni. Ni kuma ya sa na rantse da kabarin mahaifiyata ba zan faɗa wa kowa ba. A garinmu namijin da ba ya sha ana yi masa kallon mai ɓoye wata cuta, balle a ce mai ɗanɗano. Don haka a wurin gashin naman Lahadi yana riƙe kofinsa kamar kowa, ya kaɗa, ya yi dogon bayani a kan shekarar da aka tsinki inabin, idan hankalin mutane ya koma kan ƙwallo sai ya tuttular a gindin kurangar inabi. Mutane suna cewa Don Telmo ya cika yanga, ba kowace giya yake sha ba. Yakan bar su a haka.

Gidan da yake ciki na gonar inabin ne, yana tafe da muƙamin. Ɗaki uku, ɓaure ɗaya a tsakar gida, da kajin Zulema. Lokacin da Don Aldo ya rasu Telmo yana da shekara sittin da ɗaya, saura huɗu ya kai fansho. Sauran gidajen giya kuwa sun daina ɗaukar tsofaffi masu hanci, yara masu digiri da na'urori suke so.

Sai Ludmila, 'yar Don Aldo, ta dawo daga Beljiyam inda ta yi shekara uku, ta karɓi gidan. Kada wani ya ɗauka muguwa ce. Ta fi ubanta tashi da wuri, kuma ita da kanta take hawa tarakta. A wuyan Telmo ta girma, Kawu Telmo take ce masa har gobe. Matsalar ita ce giyar inabinmu ta daina tafiya, matasan birni sun koma ta sha'ir mai kumfa. Sai ta gyara tsohuwar bargar dawakai, ta girka tukwanen ƙarfe biyu, ta ce za ta dafa irin mai ƙarfin nan ta can inda ta zauna, amma da hannun garinmu a ciki: idan giyar sha'ir ɗin tana cikin tashi za a zuba mata ɗanyen ruwan inabin Moskatel har da ɓawonsa, sannan a kwantar da ita a tsofaffin gangunanmu.

Ranar da dahuwar farko ta nuna, Ludmila ta ajiye wa Telmo kofi ta tafi gona. Ina tsaye ya ɗaga shi. Launinta kamar zumar ƙarshen rani, kumfa fara mai kauri da ta ƙi sauka.

"Wannan kuma wace irin halitta ce?" in ji shi. Ya shinshina, ya sake shinshinawa. "Kanunfari. Ayabar da ta kusa wuce nuna. A ƙarƙashi kuma ga Moskatel ɗinmu, kamar ka bi ta gona da yamma ana gobe tsinka." Ya kurɓa, ya juya. Ya furzar, ya kurkure baki. "Da farko zaƙi kamar zabibi, sai ya janye ya bar baki a bushe. Akwai masoro kaɗan. Ƙarfinta a ɓoye yake, irin wannan ce take kayar da mutum yana dariya. Yarinyar nan ta iya."

Ya rubuta haka a littafi ya sa hannu. Aka ɗura kwali arba'in aka aika wa wani mai saye a Buenos Aires. Bayan mako uku kwali talatin da takwas suka dawo, da 'yar takarda. Mutumin ya ce ƙanshi babu laifi, a baki babu laifi, amma da zarar an haɗiye sai ta kankare maƙogwaro kamar an tauna ƙwayar inabi, kuma ɗacin ba ya tafiya.

Shekara talatin Telmo bai taɓa sa hannu a kan abin da aka dawo da shi ba. Ya karanta takardar sau uku a tsaye.

Ludmila ta buɗe kwalba ɗaya ta sha, ta yamutsa fuska. "Kawu, ka haɗiye kuwa?"

"Ni mai ɗanɗano ne, 'yar nan, ba mashayi ba."

Ta dafe goshi tana dariya. "Laifina ne, ban gaya maka ba. Wannan ba kamar ta inabi ba ce. Ɗacinta can gindin harshe yake laɓewa, sai ta wuce yake fitowa, kuma rabin ƙanshin sai bayan an haɗiye yake dawowa ta hanci. A can idan ka furzar da ita dariya za a yi maka. Daga yau ka riƙa haɗiyewa. Kurɓi ɗaya ne fa kowace ganga, me zai yi maka?"

Ya ce to. Tana fita na rufe ƙofa na juyo kansa.

"Me ya hana ka gaya mata, tsohon bunsuru? Bakinka ciwo yake?"

"In gaya mata me?"

"Gaskiya mana. Yarinyar tana sonka kamar ubanta."

"Shi ya sa ba zan faɗa ba," in ji shi. "Za ta rungume ni ta yi kuka, ta ce ba za ta sake bari in taɓa kofi ba. Sai ta nemo wani yaro mai haɗiyewa, yaron kuma yana buƙatar gidan mai ɗanɗano. Ni sai a ba ni tsintsiya don tausayi. Kafin Lahadi duk garin ya ji cewa shekara goma sha tara suna sayen giya a kan maganar mutumin da aka tsinta a lambatu. Ina zan kai Zulema da kajinta, Herminia? Gidanki?"

Raina ya ɓaci, na fasa kofi ɗaya a wurin wanki da gangan.

Ranar Litinin da aka kawo sabuwar dahuwa, ya jira Ludmila ta fita, ya ɗanɗana ya furzar kamar yadda ya saba, sannan ya miƙo mini kofin.

"Sha."

"Ka haukace? Ni da ba na sha sai Kirsimeti?"

"Harshe ina da shi, maƙogwaro nake nema aro. Naki kuma tun safe yana aiki a banza."

Na zage shi, sannan na sha. Na ce babu daɗi.

"Ban tambaye ki daɗi ba. A ina ya tsaya?"

Na nuna masa ƙasan haɓa.

"Ƙuna ne ko karta?"

"Kamar na lashi tsohuwar ƙusa."

"Ki ƙirga har ya tafi."

Na ƙirga har arba'in bai tafi ba. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu mai kyau da ban faɗa ba. Da Ludmila ta dawo ya ce mata ana matse inabin da ƙarfi har ƙwayar tana fashewa, kuma ɓawon yana daɗewa a ciki, a cire shi a kwana huɗu maimakon goma. Wani makon, da na ce masa kamar na haɗiyi ƙaramin garwashi, ya ce mata ɗakin da giyar take tashi ya yi ɗumi da yawa. Da na ce ɗacin yana kama da na ɓawon lemo, ya yi murmushi ya ce an kusa.

Wata biyar muna haka. Duk Litinin ina komawa gida kaina yana ɗan juyawa, sau biyu na yi cacar baki da direban bas a kan abin da ban tuna ba. Amma giyar tana gyaruwa, Ludmila tana yabon Kawu, Kawu yana komawa gida da numfashi mai tsabta. Har na fara ɗauka za mu kai shekara huɗun a haka. Wauta ce, na sani, amma na ji daɗin watannin nan.

Sai Ludmila ta ce mai sayen nan na Buenos Aires, wani siririn mutum da ake kira Lisandro, ya yarda zai zo da kansa. Ganga uku za a buɗe a gabansa a zaɓi ɗaya, idan ta yi masa zai ɗauki duk abin da za mu dafa a shekara. Idan ba ta yi masa ba, za ta sayar da tukwanen da rabin gonar. A gaban mu biyu ta faɗa, idonta ya yi ja don rashin barci.

Ya zo ranar Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Kafin ya shigo Ludmila ta hango bokitin a gindin tebur.

"Doña Herminia, fitar da wannan don Allah, kada baƙo ya ce har yanzu ba mu waye ba."

Na dubi Telmo, bai dube ni ba. Na ɗauka na fitar, na dawo na tsaya da farantin kofuna a bakin ƙofa.

Ludmila ta zuba da hannunta. Lisandro ya ce, "Don Telmo, an ce hancinka ya fi na'ura. Na dawo muku da kaya sau ɗaya, ban so ba. Kai za ka fara, ina so in ga yadda kake yi."

Telmo ya ɗaga kofin farko. Ya daɗe yana duban launin, ya daɗe yana shinshinawa, ya yi ta magana a kan kumfa har Ludmila ta fara murza zobenta. Daga ƙarshe magana ta ƙare masa, ya kurɓa. Ya riƙe a baki. Na ga idonsa ya tafi gindin tebur, ya tafi taga, a rufe take. Sannan ya zo kaina.

Na sha tuna wannan tsayuwar. Da na saki farantin ya tarwatse, da an sami hayaniyar da zai juya baya ya furzar a hankici. Da na buɗe baki na ce yarinya, kawunki ba ya sha, da an wuce wurin ko ta wane hali. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na tsaya ƙiƙam da rantsuwata da tsoron a kore mu duka, ina kallon maƙogwaronsa har ya motsa.

Ya rufe ido.

"To," in ji shi a hankali. "Ashe nan take ajiye kayanta." Ya numfasa ta hanci. "Zaƙin yana tsayawa a ƙofa, ba ya bin ta ciki. Tana sauka da ɗumi, ba ƙuna ba, kamar an shimfiɗa maka hannu a ƙirji. Sai inabin ya dawo ta hanci, ba ɗanye ba, wanda rana ta fara busarwa a kan kuranga. Bayansa ɓawon lemo da gasasshen burodi. Ɗacin yana zuwa a makare, ya share baki, ya bar ka kana son wani kurɓin." Ya buɗe ido. "Nan haɗarinta yake."

Lisandro ya yi dariya ya ce wannan maganar ta ƙarshe a jikin kwalba ya kamata a rubuta ta.

Ta biyu bai yi jinkiri ba. Ya ce ta fi ta farko bushewa, baurin ɓawon inabin ya riƙe ta kamar ɗamara, kuma kanunfarin ya koma baya ya ba Moskatel wuri. Ta uku ya ce tana da ɗan tsami da zai yi kyau nan da wata shida, amma yau ba ta shirya ba. Ya zaɓi ta biyu. Lisandro ya sha, ya sake sha, ya miƙa wa Ludmila hannu. Ta rungume Telmo tana kuka tana cewa Kawu ka cece mu. A shekara ashirin da shida ban taɓa jin ya yi bayani mai kyau kamar na ranar ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Da suka tafi cin abinci ya ce kansa yana ciwo. Ya same ni a wurin wanki. Akwai saura a kofin baƙon, kamar yatsa biyu, na ga yana kallonsa, na yi maza na juye a rariya.

"Zage ni mana," in ji shi.

"Ba ni da lokaci."

Ya ciro mabuɗin ma'ajiyar ƙasa, inda duk gangunan suke, daga aljihun wandonsa, ya ajiye a gefen kwanon wanki.

"Riƙe wannan. Ki ce wa yarinyar na fara mantuwa, ina yar da abubuwa. Ko na roƙe ki kada ki ba ni. Ko na ce wuta ta kama."

"Kurɓi uku ne kawai, Telmo."

"Ke ma kin koyi maganar yarinyar," in ji shi. "Na ji su duka ukun, kowanne ya san inda ɗakinsa yake a cikina."

Zulema ta gane tun yana bakin ƙofa. Ba ta tafi ba. Yayan nata na San Juan ya rasu, 'yarsu tana haya a ɗaki ɗaya da miji da yara biyu, ita ma ba ta da inda za ta. Ta kwashe kayanta ta koma tsohon ɗakin yarinyar. Tana dafa masa abinci, tana wanke masa riga, ni kuma ta daina amsa gaisuwata a kasuwa, kuma ban ga laifinta ba.

Giyar ta karɓu. An ƙara tukunya ta uku. Tun ranar Lisandro, Ludmila ta ce ba za ta sake barin Kawu ya ɗanɗana shi kaɗai ba, tana so ta zauna kusa da shi da littafi ta koyi yadda yake jin abin da take kasa ji. Aron maƙogwaro ya ƙare ke nan.

Yau wata bakwai mabuɗin yana rataye a wuyana a cikin riga. Sau biyu ya roƙe ni. Na farko ya ce ya manta tabaransa a ma'ajiyar, alhali yana kan hancinsa, na yi masa wankin babban bargo ya tafi yana dariyar kunya. Na biyu bai yi ƙarya ba, ya tsaya kawai a bakin ƙofar ma'ajiyar da rana tsaka ya ce, "Herminia, don Allah." Ban iya zaginsa ba. Na zauna a kan matakala na ba ƙofar baya, shi ma ya zauna, muka yi awa ɗaya a haka, sannan ya tashi ya koma gona. Ya rame, ya daina zuwa gashin naman Lahadi. Saura shekara uku ya kai fansho.

Kwana shida a mako ina hana shi. Ranar Litinin ƙarfe goma Ludmila tana zuwa da littafinta da fara'arta, ta ce, "Doña Herminia, buɗe mana, yau ganga shida ce." Sai in ciro mabuɗin in buɗe da hannuna, in matsa gefe ya wuce.